Ba Ni da Yaro a Nan

Duk wanda ya ci kasuwar Makarfi a shekarun farko na mulkin kai ya san Maiwada Makanike, ko da bai taɓa hawa mota ba. A gindin wata tsamiya yake zama, yamma da kasuwa, da akwatin sifanunsa da jak, sanye da tsohuwar rigar soja wadda baƙin mai ya cinye launinta. Mutumin Gubuchi ne. Yaƙin Bama ya kwashe shi yana da sabon aure, can ya koyi kwanciya a ƙarƙashin manyan motoci, ya dawo da sana'a a hannu da ƙarancin magana a baki.

Kafin ya dawo, matarsa Kulu ta haifi ɗansu na fari, Awwalu, har an yaye shi an kai shi wurin kakarsa a Hunkuyi. To, kun dai san halinmu da ɗan fari. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa, ba ya yi masa magana a gaban mutane, wanda kuma ya fi tsananta wannan kunya shi ake cewa ya san mutunci. Maiwada ya kai ta maƙura. In ya hango yaron ta wannan lungu, sai ya bi wancan. In ya sayo masa rigar salla, sai ya ajiye a zaure ya ce a ba "wancan na Hunkuyi." Son yaron kuwa yana cin sa a rai, amma ko Kulu bai taɓa gaya wa ba.

Awwalu ya girma ya koyi tuƙi a Zariya, ya auri wata yarinya Bilki. Lokacin nan Turawa suna ta tattara komatsansu, sai Alhaji Zainulabidin, wani mai sayen auduga da ya tsunduma cikin siyasa, ya sayi jar mota a hannun ɗayansu. Gajeriya ce, kujera biyu kacal, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Don gudu a kan kwalta aka yi ta, ba don gargadar hanyoyinmu ba. Alhaji yana son a ji rurinta tun kafin a gan shi, shi ya sa ya ɗauki Awwalu direba, don ƙafarsa ba ta tsoron totur.

Wata ranar kasuwa da hantsi motar ta tsaya a gindin tsamiya, jama'a suka yanyame ta. Alhaji ya fito yana gyara babbar riga.

"Malam Maiwada, duba mana sitiyarin nan. Direba ya ce wasa yake yi, wai sai an murza kamar faɗin tafin hannu kafin taya ta ji."

Awwalu ya durƙusa can gefe ya yi gaisuwa. Maiwada ya amsa yana kallon tayar mota.

Wannan aiki na mutum biyu ne, ɗaya a kan sitiyari yana murzawa, ɗaya a ƙasa yana bin gaɓoɓin ƙarfe da hannu har ya ji inda motsin yake ɓacewa. Maiwada ya ɗaga gaban motar da jak, ya kama taya ya girgiza, ya ji tana ƙas-ƙas. Ya shige ƙasa. Awwalu ya kama sitiyari ba tare da an ce masa ba.

"A murza," in ji Maiwada daga ƙasa, kamar da iska yake. "A dawo. A hankali. A tsaya."

Hannun ɗan yana sama, na uban yana ƙasa, ƙarfe ɗaya suke riƙe da shi. Tun da aka haifi Awwalu ba su taɓa hira mai tsawon wannan ba, kuma Maiwada ya ja ta fiye da yadda aikin yake bukata.

Akwatin sitiyarin ya ɗan saki, wannan mai sauƙi ne, ya ɗaure notinsa. Babbar matsalar tana bakin sandar da ke tura taya. Ƙwallon ƙarfen da ke riƙe da ita ya cinye, yana lilo a cikin gurbinsa, rami ɗaya mai kyau ya isa ya fitar da shi. Ya cusa guntun fata, ya naɗe da waya, ya fito yana share hannu.

"Alhaji, wannan ɗauri ne kawai na a lallaɓa a kai ta gida. Sai an kawo sabo daga Kaduna. Kada a yi gudu da ita."

"Haba Malam! Taro ake jira na a Ikara, abokan hamayya su ga na shigo ina rarrafe?" Alhaji ya murza sitiyarin, ya ji ya yi tsam. "Ai ga shi ka gyara. In kuma tsoro kake ji, ga yaronka nan, shi zai ja. Ka hana shi mana."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Wani mahauci ya ce, "Alhaji, yau kuma kunyar Malam kake son gani?" Idanu suka dawo kan Maiwada. Awwalu ya ɗago kai, karo na farko, yana jira. Kalma uku ta ishi Maiwada: Awwalu, sauko, bari. Yaron da ubansa bai taɓa ba shi umarni ba, da gudu zai bi. Maiwada ya ji kalmomin sun zo har maƙogwaro. Sai ya sunkuyar da kai ya ɗauki sifana.

"Ni ba ni da yaro a nan."

Aka sake yin dariya, dattawa suna gyaɗa kai, wai ga mai kunya. Awwalu ma ya yi murmushi, don ya san abin da ya kamata uba ya faɗa ke nan. Ya tada mota.

Kafin la'asar wata motar auduga ta kawo labari. A wata gangara kafin Ikara sandar ta fita, motar ta bar hanya. Alhaji ta wurgar da shi cikin gona, ya karye a hannu. Awwalu ta danne shi.

A wurin zaman makoki Maiwada bai zubar da hawaye ba, bai karɓi gaisuwa a sahun gaba ba, ƙanensa ya tura. Har yau in tsofaffin Makarfi suka tuna, yabonsa suke yi, wai ba a taɓa ganin mai kara irinsa ba. Ni wannan yabo haushi yake ba ni. Mun tsaya mun kewaye mutum da idanu har ya kasa ceton ɗansa, sannan muka bi shi da sambarka.

Bai bar sana'a ba, iyali sai sun ci. Amma in aka kawo mota aka ce sitiyari yana wasa, sai ya ce a wuce Zariya.

Bilki tana da ciki lokacin. Da ta haifi namiji aka mayar masa da sunan ubansa, gida duka ana ce masa Magaji, don ba mai iya jin sunan. Jika kuwa abokin wasan kaka ne, babu kunya a tsakaninsu. Sai aka wayi gari mutumin da ba ya magana ya addabi unguwa. Yana zaune a gindin tsamiya da yaron a cinya, ba aike ba, ba komai ba, sai kira.

"Awwalu. Awwalu. Kai, Awwalu."

Kulu takan ce, "Malam, ai ya ji."

Shi kuma yakan ce, "Bai ji ba."