Ƙuri'ar Tausayi

Tun ranar da farar motar nan ta tsaya a ƙauyenmu, gefen Guci, hankalina bai kwanta da ita ba. Mutum ya ƙetaro teku don kawai ya koya mana jefa takarda a akwati? Haba! Amma da yake na yi lakwal, wato boko, a Magariya, ni aka ɗora wa aikin tafinta.

Shugabar furojen, wato shirin agajin da ya zo da motar, wata baturiya ce mai fara'a, Madam muke ce mata. Ta ce za su gyara mana famfo, amma sai mun zaɓi mai riƙe makullinsa da ƙuri'ar asiri, wai dimokuraɗiyya daga ƙauye take farawa. Na ce, to shugabannin da ƙasarku ke yi wa shimfiɗa alhali sun hana mutanensu zaɓe fa? Ta yi murmushi, ta ce wannan sha'anin manya ne. Direbanta ya ja ni gefe: "Malam, fassara aka sa ka. Hoto suke so, ku ba su ku sha ruwa."

Makullin nan shekara da shekaru yana wuyan babana. Dattawa suka damƙa masa, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Madam ta ce ɗan takara ɗaya ba zaɓe ba ne, sai maigari ya ce Baffa, ƙanen Baba, ya tsaya don a sallami baƙi. "Ni da Yaya? Allah ya kiyaye!" in ji Baffa. Baba da kansa ya lallashe shi.

Ranar zaɓe kowa ya shiga bayan zana shi kaɗai, sai ya tuna Baffa zai tashi hannu wofi a gaban surukansa. Kowa ya ce a ransa, ai babban ya riga ya ci, bari in fid da ƙanen kunya. Haka na yi. Haka Inna ta yi, haka shi kansa Baba.

Da aka zazzage akwatin, ƙuri'a ɗaya tak Baba ya samu. Madam ta hau tafi, wai jama'a sun nemi sauyi, kuma ni da bakina na fassara. Maigari ya roƙi a sake, ta ce ba a taɓa muryar talakawa. Baba ya ciro makullin ya miƙa wa ƙanensa, aka ɗau hoto.

Da gwamnatinsu ta ɓata da tamu, suka kwashe kayansu ko sallama babu. Muryar talakawan ba ta sake damunsu ba, kuma har yau abin na cin raina.

Baba bai yarda tausayi ne ba, ya daina zama cikin dattawa. Wata rana muna cin tuwo mu uku, ya dube ni ya ce, "Guda ɗayan nan, taka ce ko?" Na ce tawa ce, Baba. Baffa, ainihin wanda ya jefa ta, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da cin tuwonsa.