Dinah Ɗiyar Saja Da Takalmin Ƙwas-ƙwas

A gidan Saja Haggai, nan Rikoto cikin garin Zuru, ba a tambayar yaro abin da zai zama in ya girma. Soja zai zama, sai dai in ya lalace. Kakansu ya sa kaki. Shi Saja ya sa na shekara talatin da wani abu, ya dawo da kunne ɗaya ba ya ji. Yaransa maza biyu yanzu haka suna can daji da bindiga. Katanga ɗaya ta raba ɗakina da tsakar gidansu, kuma samanta ya zube tun wata damina, don haka abin da zan faɗa ba a kasuwa na tsinto shi ba.

Dinah ce autarsu. Ni na yi mata wankan farko, na san ƙafar da ta zo da ita duniya: faffaɗa, yatsu a baje kamar citta, dunduniya kamar taɓarya. Da wannan ƙafar ta riƙa hawa dutse zuwa gonar uwarta ba takalmi, ta sauko da damin dawa a kai tana waƙa. In akuya ta tsinke, ba a kiran maza, Dinah ake kira. A makaranta kuwa, duk gudun da aka yi ita ke dawowa da bokiti ko faranti na kyauta, har uwarta ta rasa wurin jera su. Tun tana 'yar mitsitsiya take sara wa mutane da hannu a goshi. Ba miji take so ba, ba shago ba, ba ofis ba. Kaki take so, kuma Allah ya ba ta ƙafar sa shi.

Sai dai akwai layi. A bangon zaurensu Saja ya ja wani layi da ƙusa tun dawowarsa, ya ce nan ne tsawon da ake ɗaukar soja. Kowace Kirsimeti, kafin a taɓa shinkafa, sai ya jera yaran gidan a bangon nan ya ɗora musu littafin waƙoƙin coci a kai ya duba. Mazan suka wuce layin suka tafi. Dinah ta girma, ta girma, ta zo ta tsaya cak, saura kamar rabin tsinken ashana.

"Baba, a bar ni in gwada mana," in ji ta, shekarar da ta gama sakandare.

"Ki gwada mi?" in ji Saja. Da ihu yake magana saboda kunnen nan. "A kore ki a gaban mutane? A ce ɗiyar Haggai ta je an mayar da ita? Gidan nan ba a taɓa mayar da kowa ba. Ki kai layi, ni da kaina zan kai ki mota."

Ga takardar ɗaukar soja fa ana bugawa duk shekara, da tsawon a rubuce da lamba. Duk gidan masu boko ne. Amma babu wanda ya aro awon tela ya gwada yarinyar nan. Wa zai yi musu da ƙusar Saja?

Ana nan sai ga Success ta dawo daga Kaduna. Ƙawar Dinah ce tun suna yara, ta je ta yi wata bakwai tana wanke wa mata kai a wani shagon gyaran gashi, ta dawo tana yi mana magana ta hanci. Ita ta kawo wannan ilimi mai zurfi. Ta ce matan birni duk dogaye ne saboda takalmin ƙwas-ƙwas, wanda dunduniyarsa ke tsaye kamar ƙusa, bakinsa kuma tsini kamar bakin ɓera. Wai yana jan jijiyar ƙafa, mutum ya miƙe. Wai kuma sai ya matse sosai, don in ƙafa ta rasa inda za ta baje, dole ta yi sama.

Ina jin su ta katanga na ce, "Ke Success, in haka ne, a sa wa kaza mana ta zama jimina."

"Kaka, ba za ki gane ba," in ji ta. "Abin na zamani ne."

Suka tafi shagon Maman Chioma a kasuwa, mai sayar da takalman gwanjo. Ita wannan mata, in faɗi gaskiya, ta yi nata. Ta dubi ƙafar Dinah, ta dubi jan takalmin da ta ɗauka, ta ce, "Ɗiyata, wannan ba naki ba ne. Ƙafarki ta noma ce, wannan na masu zama a mota ne. Ga mai faɗi can." Dinah ta ce ita matsattsen take so. Sai da suka shafa man kaɗanya, suka sa leda, Success na turawa ita tana cije leɓe, kafin ƙafar ta shiga.

Daga ranar muka shiga uku da ƙara. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, tun safe. Da shi take shara. Da shi take zuwa famfo. Da shi take daka, tana tangaɗi kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Zuru kuwa ba garin kwalta ba ne ko'ina, duwatsu ne da tsakuwa, ga gangara. Yarinyar da ke riga akuya gudu ta koma tana dafa bango kafin ta ƙetare kwata. Ran Lahadi in mata suka tashi rawa zuwa gaban coci, ita sai ta tsaya tana kaɗa kafaɗa kawai, fuska a murtuke kamar mai ciwon haƙori. Gona kuwa ta daina hawa, don dutsen ba ya hawuwa da abin, kuma ta ce in ta cire na yini ɗaya aikin wata guda ya rushe.

Na ce mata, "Ke amaryar ƙusa, wa ya mutu kike tafiya haka?"

"Kaka, kishi kike yi. Ke da ko silifas sai an roƙe ki."

"Ni dai yatsuna goma, kuma kowane yana ɗakinsa."

Da farko bororo ne, ya fashe, ya warke, ya sake tashi. Ta ce alamar aiki ce. Sai kanta ta fito a kan ƙananan yatsun, tauri kamar ƙwayar masara, tana yanke ta da reza tana tsaki. Sai farcen babban yatsa ya nutse cikin nama ya yi ruwa, har sai da mai kemis ya tsaga gefen ya ciro shi, ana jin kukanta daga bakin titi. Kwana huɗu ta huta ta koma. Jan takalmin ya mutu, ta sayo baƙi, wanda ya fi shi tsini.

A shekara ta biyu, wata rana da hantsi ta shigo wurina aron turmi, na ce ta zauna ta cire in gani. Ta yi ta noƙewa, na ce ko ta cire ko ta bar mini turmina. Da ta zare, sai da na ce Yesu. Babban yatsan ya karkace ya kwanta kan na kusa da shi, gindinsa ya turo waje, ja, kumbure kamar an cusa goro a ƙarƙashin fata. Na biyun ya hau sama ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Sauran sun dunƙule wuri ɗaya kamar 'yan ɓeraye a rami. Ƙafar ta ɗauki siffar takalmin sak, har tsinin.

"Taka ƙasa," na ce.

Ta taka, amma dunduniyar ba ta sauka ba. Da ta matsa mata sai ta yi ƙara ta kama ƙwaurinta. Agarar ta takure.

"Kin gani?" in ji ta, har da murmushi. "Jijiyar tana ja. Haka Success ta ce za a ji."

"Ita Success ɗin, sau nawa kika gan ta da nata?"

Ta sunkuya tana cusa ƙafar cikin takalmin. Ai kowa ya sani, Success ba ta sa nata sai za a ɗauki hoto. A jaka take ɗauko shi, ta sa a ƙofar coci, a tashi ta mayar da silifas.

Na leƙa ta katanga na gaya wa Saja. Na ce, "Saja, ka dubi ƙafar ɗiyarka kuwa?"

"Mi?"

"Ƙafa! Ƙafar Dinah ta lalace!"

"Inna, soja ba ya kukan ƙafa. Mu da muka yi tafiyar kwana tara da takalmin but ɗin da ba namu ba?"

Mutumin da ya yi shekara talatin ana duba masa ƙafa a fareti, bai sunkuya ya dubi ta ɗiyarsa ba ko sau ɗaya. Kai kawai yake dubawa, da littafin waƙa a sama.

Kirsimeti uku aka yi ana jingina ta a bango. Ko gashi ɗaya ba ta ƙaru ba. A ta ukun ma kamar ta ragu, don bayanta ya fara ciwo tana ranƙwafawa. Ga shekaru sun zo mata wuya: in ɗaukar bana ta wuce, ta haura shekarun da ake karɓa, shi ke nan har abada. Uwarta ce ta yi ta kuka har Saja ya ce to, ta je, amma kada ta ce shi ya aike ta. Success ma ta cika takarda, wai don ta raka ƙawa.

Aka kira su tantancewa a Birnin Kebbi. Abin da ya faru can daga bakin Success na ji shi, da ta dawo haɗa kaya, kuma ba ta rage komai ba, don ba ta da kunyar da za ta rage.

Aka ce kowa ya cire takalmi. Aka jera mata a gaban sandar awo. Dinah ta hau. Wata soja mace mai igiya biyu ta sauko da katakon a kanta, ta ce, "Wuce."

Dinah ta tsaya. "Ranki ya daɗe, na kai?"

"Kin kai har kin yi rara. Wuce mana, ko kin zo kwana ne?"

"Amma a gida saura rabin ashana."

"Wa ya auna ki?"

"Babana. Tsohon saja ne."

Matar ta yi dariya har ta dafa sandar. Ta nuna mata layi biyu a jikin sandar, ɗaya sama ɗaya ƙasa. "Na sama na maza ne. Babanki da mata aka ɗauke shi?"

Wato tun ranar da ta gama sakandare tsawonta ya isa. Layin maza Saja ya ja a bango, don shi ne kawai layin da ya sani.

Success ta ce Dinah ta yi ta dariya tana hawaye, tana cewa an ɗauke ni, an ɗauke ni. Sai aka ce a matsa gaba wurin likita. Nan ake tsayawa a kan siminti ƙafa a haɗe, a tsuguna dunduniya a ƙasa, a tashi, a buɗe yatsu. Dinah ta tsuguna, dunduniya ta ɗaga, ta faɗi ta baya. Ta sake, ta sake faɗuwa. Likitan ya sa bakin biro ya ɗaga yatsan nan da ya hau ɗan'uwansa, ya sake shi, ya koma inda yake.

"Haɗari kika yi?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Haka aka haife ki?"

"A'a."

"To wannan ƙafar ba ta shiga but. In ta shiga ma, ba ta yin mil ɗaya. Ba mugunta ba ce, ɗiyata, ceton ki nake yi."

Ta roƙa a bar ta ta yi gudun, su gani da idonsu. Suka bar ta, don ta ba su tausayi. Filin ƙwallo sau huɗu aka ce. Dinah, wadda ta tara wa uwarta bokitai, ta zauna a zagaye na biyu ta riƙe ƙafa. Success ta zo ta wuce ta da silifas ɗinta a hannu. Ita aka ɗauka. Yanzu haka tana can da kaki, tana turo hoto.

Saja bai fito zaure ba sati biyu. Da ya fito, ya ce ai a zamaninsu ba a raba layi. Bai ce wa yarinyar yi haƙuri ba, har yau. Shi a wurinsa an mayar da ɗiyar Haggai, wannan ne kawai abin da ya faru.

An kai ta asibiti. Suka ce yatsun sai dai aiki, a fasa ƙashi a daidaita, kuma ko an yi ba za su koma yadda suke ba. Agarar kuma a riƙa miƙar da ita a hankali, wata da watanni. Ta fara, ta ji zafi, ta bari.

Yanzu tana tashar motocin Ribah tana sayar da shinkafa da wake, a zaune kan benci. Shekararta ashirin da bakwai, tana tashi tana dafa gwiwa kamar sa'ata. Takalmin maza take saya ta yanke gefen da wuƙa don ƙashin nan ya sami wurin fita, sannan ta kai wa mai gyaran takalmi ya ƙara mata tudu a dunduniya, don in ta taka ƙasa daidai jijiyar ba ta barinta ta kai bakin titi.

Shekaranjiya na bi ta wurinta. Wasu 'yan mata biyu da fayil a hannu suna cin abinci, za su tafi tantancewar bana. Dinah ta ajiye ludayi ta ce su cire takalmi. Suka dubi juna, suka cire. Ta sa su tsuguna a gaban tukunya, mutane na kallo, ta ce su buɗe yatsu. Ta daɗe tana dubawa.

"Za a ɗauke ku," ta ce. Ta ƙara musu nama ɗaya ɗaya, ta juya ta ci gaba da kwasar shinkafa.