Hoki a Tsakar Gidan Halliru Kafinta

Halliru kafinta ne a Sabon Garin Wudil, ƙofofi da bencinan makaranta yake yi. Bai taɓa ganin ƙanƙarar da ta wuce wadda ake jefawa a zoɓo ba, amma in ka tambaye shi wasan da ya fi so, ba ya jinkiri zai ce hokin ƙanƙara.

Ƙaninsa Ja'afar ne ya jawo. Da ya tafi Kanada ƙaro karatu, ya turo masa bidiyo a waya: ga shi nan cikin kaya masu kauri yana sulɓi a kan ƙanƙara, yana kora wani baƙin abu da sanda mai lanƙwasa. Halliru ya kalla ya fi sau goma, idonsa na kan sandar. Washegari ya ture aikin wata ƙofa gefe, ya sassaƙa irinta da reshen darbejiya. Bugu ɗaya ta karye. Sai a karo na uku ya samu wadda ta tsaya, bayan ya manna siraran katako da gam.

Abin bugawa kuwa daga tsohuwar taya ya yanko shi, zagaye kamar waina. Simintin tsakar gida ya zama fili. 'Ya'yansa uku, Tasi'u da Suwaiba da Radiyya, da gudu suka fara, har ya samo musu takalman taya a gwanjo a Kano. Shi ma ya ɗaura nasa, yana ɗan shekara arba'in da bakwai. Mako biyu ya yi yana shan ƙasa, yara na dariya, yana miƙewa yana cewa gobe za su gani.

Matarsa Safara'u ce ba ta so, don robar da suke bugawa ta fasa mata randa.

"Baban Tasi'u, da girmanka?" in ji ta. "Maƙwabta fa suna jin ihunka."

Wata rana tana zaune tana tsince shinkafa, Suwaiba ta buga robar ta nufo ta. Ko tashi ba ta yi ba, ta sa murfin tukunya ta tare. Halliru ya tsaya cak, ya ce, "Mun samu gola." Ta harare shi. Kashegari da la'asar ita ta fara fitowa, da murfin a hannu.

Bayan shekara uku Ja'afar ya dawo, ya kama koyarwa a jami'ar da ke garin. Ya zo gaisuwa da sandarsa ta can, yana murmushi, yana cewa zai nuna musu yadda ake yi. Aka raba: shi da Tasi'u, Halliru da 'yan matan, Safara'u kuma tana tsaron raga ɗayar da kowa ke bugawa. Sai ga takalmin taya ba ya tsaya wa Ja'afar yadda ya saba a ƙanƙara. Kafin ya juya Suwaiba ta zare robar daga gabansa, ta miƙa wa babanta, Halliru ya zura ta tsakanin turame biyu da aka ajiye a matsayin raga. Shi kuwa Ja'afar, duk abin da ya buga a murfin Safara'u ya ƙare. Uku da ɗaya aka tashi, su Halliru ne da uku.

Ja'afar ya zauna a dakali yana haki. "Yaya, ara mini taka sandar in gani."

Ya jujjuya ta, ya gwada nauyinta, ya ce a yi masa guda biyu, har da ta matarsa Sharifa.

Yanzu duk Asabar bayan la'asar gida biyu ne ke haɗuwa. Bara gwiwar Halliru ta fara ciwo, likita ya hana shi taya. Bai yi musu ba, ya cire takalman, ya sa aka kafa raga ta biyu, ya tsaya a gabanta da allon katako da ya yi wa kansa. Ana zura masa fiye da yadda yake so, amma shi ya ce kafin damina zai gyara.