Batirin da Na Ɗauko a Ka Daga Tambuwal

Mun tashi da asuba daga Kebbe, ni da ƙanena maƙeri, cikin lorin da ke kwasar gyaɗa. Sule biyu-biyu anka karɓa, kuma bisa buhu munka zauna.

Ga abin da ya fitar da mu. Malamin asibitin garinmu yana da matattun babura biyu. Ƙanena ya ce zai haɗa su ya fitar da guda mai rai. Wata bakwai yana ƙira yana ɗauri, har mutane sunka raɗa wa abin suna jakin ƙarfe. Komai ya haɗu, saura batir, don wanga babur ba ya tashi sai da shi. Malam ya ce in bai tashi kafin ruwa ya sauka ba, zai loda shi zuwa Sakkwato a gyara shi can, don ba ya iya barin marasa lafiyan ƙauyen Fakku damina guda. In anka yi haka, sunan ƙanena ya mutu a garin nan. Shi ya sa na bi shi. Na san halinsa a kasuwa.

Hanya rairayi ce zalla. Sau fuɗu muna sauka maza na turi. Wani tsoho mai goro bai taɓa sa hannu ba, amma shi ya fi kowa nishi. A wani ƙauye na sayi fura ta kwabo, nonon ya yi tsami har ya kashe mini haƙori. Da hantsi ya dubi ludayi munka shiga Tambuwal.

Garin ya cika fiye da sanina. Tun samun mulkin kai kowace rumfa sai ka ga tuta, har ta mai gyaran keke. Ƙosai biyar kwabo, mu a gida bakwai ne, kuma namu sun fi girma.

Bayan tasha munka iske bakanike, mutumin Jabo, wanda ya yi koyo a Sakkwato. Batir uku gare shi: ƙato na lori, matsakaici, da wani ɗan ƙarami da hannu guda ke ɗauka. Ƙanena ya yi abin da ubanmu ya koya masa wajen sayen ƙarfe. Ya ɗaga kowane, ya jijjiga, ya lumshe ido. A maƙera mai nauyi shi ne nagari. Ya rungume matsakaicin.

Na zaro karan dawa daga zanena. Ƙanena da kansa ya yanke shi daidai akwatin da ya ƙera ƙarƙashin sirdi. Na gwada. Batirin ya fi karan da yatsa uku.

"Yaya, sai in rataye shi ga gefe," in ji shi. "Wanga ɗan abu awa sabulu zai tada babur?"

Bakaniken ya ce nauyi a gefe guda cikin rairayi, kayar da mahayi yake yi. Ya ce kuma babur irin wannan batir mai lamba shida yake so. Na duƙa na duba. Shekarata arba'in da ɗoriya na shiga ajin yaƙi da jahilci, ana mini dariya, to ranar ta biya ni. Matsakaicin goma sha biyu ne a jikinsa. Ƙaramin, shida.

Na ce, "Kai, ba garma kaka saye ba. Aje shi kafin ka ƙone wa Malam fitila."

Ya aje, yana gunaguni. Fam biyu da sule biyar munka biya, bayan na yi tafiyata har bakin titi an kirawo ni.

Bakaniken ya zuba masa ruwansa, ya gargaɗe mu: ruwan nan yana cin tufa yana cin fata, kuma in ya zube batir ya tashi aiki. Kada a karkata shi.

Nan wahala ta soma. Lori ba ya komawa sai kasuwa mai zuwa, mu kuwa hadari ya fara haɗuwa gabas. Munka bi ayarin masu gishiri. Ƙanena ya so ya jefa batirin cikin mangalar wani jakinsu. Na dubi jakin, na dubi yadda yake rausaya, na ce a'a. Na naɗa gammo, na sa batirin cikin ƙwarya, na tokare shi da ƙaiƙayi, na ɗora a ka. Tun ina 'yar shekara bakwai nake ɗauko tulu daga rijiya, ban san ranar da na zubar ba.

Yini biyu muna tafe. Mun kwana wani ƙauye inda matan gidan sunka ɗauka rediyo ce, sunka zauna jiran ta yi magana. Wurin tsallake rafi santsi ya ɗebe ni, na durƙusa, wuyana bai motsa ba. Ɗigo biyu kawai sunka fita, sun kuwa huda mini sabon kallabi. Bakaniken bai yi ƙarya ba.

Mun iso gida da la'asar, ƙafafuna sun kumbura. Batirin ya shige akwatinsa kamar don shi anka yi. Ƙanena ya ɗaura wayoyi, ya taka sau ɗaya, shiru. Sau biyu, shiru. Masu kallo sun fara murmushi. A na uku abin ya yi tari, ya kama ruri, kaji sunka watse. Washegari Malam ya hau ya tafi Fakku, ya duba mutanensa, ya dawo kafin azahar. Kwana uku bayan nan ruwan farko ya sauka.

Abin da tafiyar ga ta koya mini: hannu yana auna ƙarfe, amma ba kowane kaya yake ganewa ba. In za ku sayi abin inji, ku tafi da ma'auninku, ku karanta abin da ke jikinsa, kuma ku tambayi yadda ake ɗaukarsa tun kafin ku biya.

Jiya na wuce ta maƙera, na ji ƙanena yana gaya wa mutane wai shi tun da ya ɗora ido kan ƙaramin ya san shi ne. Na ƙyale shi, don namiji ne a gaban jama'a. Amma ga shi na rubuta.