Matan Rugar da Suka Ce Ba Su Rasa Komai Ba

Har yau ban manta da ranar da na kusa raba matan wata ruga da wurin sana'arsu ba. Da hannuna na rubuta, kuma ina murmushi lokacin da nake rubutawa.

A lokacin ina sashen ci gaban al'umma na ƙaramar hukumarmu, a matsayin mai wayar da kan mata. Ƙaramin matsayi ne, tsakanina da darakta akwai mutum biyu. Ni a ajin yaƙi da jahilci na koyi rubutu, bayan na yaye ɗana na uku, shi ya sa idan na kama biro sai an yi haƙuri da ni.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba, kafin a rufe kasafin kuɗin shekara ana tura mu mazaɓa-mazaɓa mu jiyo abin da jama'a ke so. Maza a tara su a ƙofar gidan mai unguwa, mata kuwa mu bi su inda suke. Kowace mace da layinta a fom: suna, buƙata, sai ta dangwala yatsa. Abin da bai shiga fom ba, injiniya ba ya zana shi. A shekarar, babban aikin shi ne sabunta kasuwar garinmu.

Ranar Litinin aka ba ni wata ruga a hanyar Aujara. Matan suka shimfiɗa mini tabarma, aka dama mini fura, nonon nan har da maiƙo a sama. Na bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Me kike so hukuma ta yi miki?"

"Alhamdulillahi."

"Babu abin da ke damunki?"

"Lafiya lau muke."

Haka na yi ta rubuta "babu" tun daga saman takarda har ƙasa. Kafin azahar na gama. Na dawo cikina cike, ina cewa a raina Allah ya ƙaro mana irin waɗannan mutane masu sauƙin kai.

Washegari na kai fom ofishin darakta, na tarar injiniya ya baje zanen sabuwar kasuwa a kan tebur. Ni ban iya karanta zane ba, amma na gane ƙofar gabas. Na nuna wani fili kusa da ita, na tambaya mene ne.

Injiniya ya ce, "Tashar babura."

Na ce, "Ai nan ne darbejiyar masu nono take."

"Za a sare ta."

"To su a ina za su zauna?"

Darakta bai yi faɗa ba. Ya ɗaga fom ɗina kawai, ya ce, "Malama Talatu, rubutun wane ne wannan?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Masu babura sun nemi tasha. Mahauta sun nemi kwata. Mutanenki sun ce babu. Jibi Alhamis da azahar zane zai tafi gaban kansiloli, kuma idan ya tafi ya tafi."

Ranar Laraba da sassafe na koma rugar. Na sami Goggo Adama, dattijuwar da matan ke jin maganarta, tana wanke ƙorai. Bayan gaisuwa na ce mata za a sare darbejiya.

Ta ce, "Mun ji tun kaka."

"Goggo, kun ji, kuma na zauna a nan shekaranjiya kuka ce babu?"

Ta dube ni kamar na zo mata ba ɗankwali. "Ki zo gidana baƙuwa, ga surukaina zaune, ni kuma in buɗe baki in ce na rasa? Ku Haɓe ne kuka iya wannan."

Na yi lallashi, na yi bayani, na ce haƙƙinsu ne ba roƙo ba. Ta ci gaba da wanke-wankenta. Can sai ta ce a hankali, "Ni dai ba komai. Dije ce abin tausayi. Gwiwarta ba ta barin ta yawon talla gida-gida. Inuwar nan ce kasuwarta."

Na ce, "Goggo, in rubuta wannan?"

"Rubuta mana. Ai ba ni ce ba, Dije ce."

Na tashi na nufi bukkar Dije. Wannan karon ban tambaye ta abin da take so ba. Na ce, "A cikin maƙwabtanki wa ya fi ba ki tausayi?"

Ba ta ko tsaya tunani ba. "Goggo Adama. Ta tsufa, rana tana sa ta jiri, amma ba za ta faɗa ba. Idan babu inuwa nononta ma tsami zai yi kafin la'asar."

Daga nan baki ya buɗe. Wadda shekaranjiya ba ta ɗago kai ba, yau sai da na ce ta dakata hannuna ya huta. Wannan ta faɗi ta waccan, waccan ta faɗi ta wannan, kuma duk magana ɗaya ce: inuwa a ƙofar gabas, inda masu saye suka saba samun su. Sai dai da na ce kowace ta dangwala yatsa a layin sunanta, suka janye hannu. A layin maƙwabciya kuwa har rige-rige suke yi. Na bar su haka, ina rubuta sunan mai yatsan a gefe.

Alhamis da hantsi na ajiye takardun a gaban darakta. Ya karanta, ya juya, ya sake karantawa.

"Malama Talatu, layin Dije amma yatsan Adama?"

"Haka ne, ranka ya daɗe. Na Dije yana layin Goggo."

"Wannan fom ne ko zumunci?"

Na ce, "Duk yatsun suna nan, ranka ya daɗe. Wuri kawai suka canja."

Ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya sa aka kira injiniya, wanda ya yi ta ƙunƙuni cewa sai ya sake auna wurin. Aka matsar da tashar babura zuwa gefen titi, aka bar darbejiya, aka zana rumfa mai dakali a ƙarƙashinta. Zane ya tafi gaban kansiloli da ɗanyar tawada.

Da aka buɗe rumfar na je sayen nono. Na ce, "Goggo, rumfa ta yi?"

Ta ce, "Dije tana jin daɗinta."

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Kada ku yi murna da fom ɗin da ya cika da wuri. Akwai mutanenmu da za su kwana da damuwa shekara guda ba su ambata ba, amma ba za su iya ganin ta maƙwabci su yi shiru ba. Idan mace ta ce muku alhamdulillahi, ku amsa mata, ku gyara zama, sannan ku tambaye ta lafiyar ta kusa da ita.