Tulun Irin Shinkafar Inna

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar su Taibatu a Talata Mafara, ƙamshin dafa-dukarta ya fara sani kafin ya san fuskarta. Mace ce gajera, mai saurin hannu, mai saurin baki kuma. Ba ta sayar da abinci, amma in an yi haihuwa ko wani ya tashi daga jinya, kwanonta ake jira.

Ita ba ta dafa farar shinkafar nan da inji ya goge ta tas. Ja take dafawa, 'yar gida, wadda take yi wa gumi da hannunta, wato ta turara ta da ƙaiƙayinta, ta shanya, ta surfe sama-sama a turmi don kada jan jikin ya tafi. Sai ta rege tsakuwa a ƙwarya, ta soya albasa da man shanu, ta zuba shinkafar tana juyawa har ta fara ƙamshi, sannan daddawa da busasshen kifi da ruwan zafi su biyo baya. In ta tafasa sai ta janye itace, ta bar ta kan garwashi ta turara. Shinkafar akwai taurin kai, ba ta nuna da wuri, kuma duk yaron da ya kuskura ya ɗaga murfi kafin lokaci sai ya sha muciya.

In aka yabe ta sai ta ce, "Ba hannuna ba ne, iri ne."

Gaskiyarta. Irin na mahaifiyarsu ne, shi ya sa a gidansu ake ce mata 'yar Inna. A wata 'yar fadama bayan Damaga, can ƙasar Maradun, Inna ta yi ta shuka ta har ta rasu, ba kuma wanda ke noma irinta sai su. Bayan rasuwar, ƙanen Taibatu, Yari, ya ci gaba da noman. Kowace kaka yakan kawo mata rabonta da ƙaiƙayinsa, ita kuma ta ware mafi kyau ta cika wani tulu, ta liƙe bakinsa, saboda gudun wata rana.

Watarana kuwa ta zo. Zaman Damaga ya gagara saboda rashin tsaro, gona ta fi ƙarfin zuwa, Yari ya kwashi iyalinsa ya koma Birnin Tudu a ƙasar Bakura, ko dami ɗaya bai fito da shi ba. Da ya sami gonar noman rani a can, Taibatu ta buɗe tulu ta auna masa rabi. Ta riƙe hannunsa ta ce, "Yari, wagga ita kaɗai ta rage muna ta Inna. Ka riƙe ta amana."

Ya ce, "Haba Yaya, uwa ɗaya fa ta haife mu."

Duk zuwan da zai yi kasuwar Mafara sai ya biyo ya ba ta labari. 'Yar Inna ta tsiro. 'Yar Inna ta yi ciki. An yanke, rumbu ya cika, sussuka kawai ta rage. Taibatu har rawa ta taka a tsakar gida, ita da gwiwa ke damu.

Ana cikin haka 'yarta Husna ta haifi mace, aka ce sunan Inna za a mayar. To, ina za a yi sunan Inna ba shinkafar Inna? Taibatu ta ce wa Yari ya sussuko mata. Ya sosa ƙeya, ya ce aiki ya yi masa yawa, ba za ta samu kafin suna ba.

Ta dubi tulun, ta ce, "To ko in taɓa wannan? Gabana dai na faɗuwa."

Ya ce, "Dafa abinki, Yaya. Ajiyar mi kike yi, ga rumbu cike?"

Ta juye tulun kaf, ta yi gumi. Kowa ya san shinkafar da ta sha gumi ta gama tsirowa har abada, amma ranta fes ta yi aikin, tana 'yan waƙe-waƙenta. Ranar suna dafa-dukar ta yi kyau irin wanda ba ta taɓa yi ba, warawara, ja, tana sheƙi. Yari ya zauna a zaure ya cinye kwanonsa, ya aiko a ƙaro masa. Ita da kanta ta kankaro masa har da ƙanzo, don ta san tun yana yaro shi yake so.

Bayan suna ta shiga yi masa naci. Yau ya ce gobe, gobe ya ce jibi. A ƙarshe ya aiko da rabin buhu, an riga an yi gumi an surfe, wai don ya hutar da bayanta. Tun a rege jikinta ya ba ta, ƙwayar ta cika tsawo. Ta ce wa kanta ƙila ƙasar Bakura ce ta sauya ta. Ta soya albasa, ta zuba, ta juya, ta yi ta jiran ƙamshin nan, shiru. Kafin ta janye itace shinkafar ta yi laushi ta caɓe kamar za a tuƙa tuwo. Ta ɗanɗana, ta ajiye cokalin a hankali. Wannan ja ce dai, amma irin wadda kowa ke aunowa a kasuwa.

Washegari ta hau mota sai Birnin Tudu. Ta tarar Yari ya tafi gona, matarsa Ummulkhairi na tsakar gida. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da yara da mai jego, duk Taibatu ta daure. Sannan ta ce a nuna mata damman 'yar Inna. Ummulkhairi, baiwar Allah, ba ta san an ɓoye komai ba. Ta ce, "Wace, Yaya? Wadda kika ba shi? Ai bai shuka ba. Cewa ya yi ba ta auki, sabon iri ya sa kamar kowa. Waccan tun lokacin dashe muka dafa wa 'yan aiki."

Taibatu ta nemi turmi ta zauna jiran Yari.

Da Yari ya dawo ya gan ta, ya ga fuskar matarsa, bai tsaya musu ba. Ya tsuguna ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri. Gonar aro ce, ga yara. In na sa 'yar Inna, abin da zan samu ba ya kai mu damina."

Ta ce, "Wannan na ji, kuma ban ga laifinka ba. Da ka faɗa mini, da na nemi wani ya shuka, ko a bayan ɗaki ne. Amma tulun fa, Yari? Na tambaye ka. Da bakina na tambaye ka."

Ya sunkuyar da kai. "Kunya ce ta hana ni, Yaya."

"Kunya?" Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Ka san ita ce ta ƙarshe a duniya, ka zauna ka cinye, kunyar ba ta hana ka aikowa a ƙaro ba. Ni kuma sakarya har da kankaro maka ƙanzo. Wallahi ka cuce ni, Yari. Ka cuci Inna."

Ba ta ci abincin gidan ba, ruwa kawai ta sha don kada a ce ta yanke zumunci.

Ta sa an bincika mata wajen mutanen Damaga da suka watsu a Maradun da Bakura, ko akwai wanda Inna ta taɓa ɗibar wa. Ba a samu ba. Har yau tana dafa-duka da jar kasuwa, mutane na santi, ita kuwa ko an yaba ta daina cewa iri ne. Yari na zuwa gaishe ta, tana amsawa, tana ba shi tuwon dawa, amma shinkafa ba ta sake shiga tsakaninsu ba.

Takwarar Inna ta yi wayo yanzu. Kwanan baya ta leƙa cikin tulun, ta ce, "Kaka, mi ake sawa a nan?"

Taibatu ta dube ta, ta ce, "Abincin sunanki ne. An cinye."