Audugar Cikin Akwati

Tari ne ya turnuƙe wani dattijo a tashar mota, yana duƙawa wandonsa ya sulale har gwiwa. Mata suka kau da kai. Ni kuwa da bakina ba ya da linzami, na ce, "Baba, ba mu biya kuɗin kallo ba fa."

Bai yi dariya ba. Yana jan wandon da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da manyan ambulan biyu na hoton ƙirji. Kafaɗunsa irin na wanda ya sha dako ne, amma rigar tana lilo kamar an rataye ta a ƙusa. Kafin kowace magana sai ya ja numfashi biyu.

Na matsa masa a benci. "Taba ce, ko?"

"Ban taɓa kai ta baki ba."

Shekara ashirin, in ji shi, yana buɗe akwatuna a tashar jirgin ruwa. Farin abin nan mai kama da auduga da ake cusawa a gefen injuna, asbestos, a kansa shi da abokan aikinsa suke ƙailula don laushi, ba su san ƙurarsa na cin huhu ba. Har gida ya kai shi, ya cika wa matarsa matashin kai.

Na kalli ambulan na biyun. Ina jin mai shi tana gida kwance.

Don dai kada in yi shiru na ce, "Ba wanda ya gargaɗe ku?"

Ya harare ni. "Kai mai surutu, ina kake lokacin? A jikin akwati ake rubuta 'a kula', ɗan nan. Ka ga an rubuta a jikina?"